Takarda Ta Ce Inna Yalwa Ta Warke

Ranar Talata ce, da hantsi, aka yi ruwan fari na shekarar a Gaya. Bai daɗe ba, amma ya isa ya mai da tsakar gidan Sallau mai kamyon ɗaukar kaya santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Ruwa na ɗaukewa, Inna Yalwa mahaifiyar Sallau ta fito ta tarar da akuyar maƙwabta ta tsoma kai cikin garin da take barbaɗa wa kifi kafin tuya. Ta zari muciya ta bi ta, tana zagin akuya tana zagin mai ita. Akuya ta tsallake kwata. Inna Yalwa ba ta tsallake ba. Ta yi sama ta dawo a kan ƙugunta na hagu, har Zuwera matar Sallau ta ji ƙarar daga ɗaki ta zaci itace aka karya.

Maɗorin unguwa ya zo ya shafa, ya ce karayar ta yi zurfi, hannunsa ba ya kaiwa can. Sallau ya sauke buhunan gyaɗa daga kamyonsa, ya shimfiɗa katifa, ya kai uwarsa likita, wato asibiti, a Yamai. Can wani likita Nasara ya tsaga cinyar, ya buga ƙusa mai tsawon tafin hannu ya haɗe ƙashin. Da ta farka aka gaya mata abin da aka yi, sai ta ce, "To, na zama kwalekwale. Saura a shafa mini kwalta a tura ni ruwa."

Ranar da za a sallame ta, likitan ya ba ta sanduna biyu na dogarawa a hammata, ya sa ta taka a gabansa. Ta yi taki goma sha biyu daga gadonta zuwa taga, tana gumi tana tsaki. Ya sa tafinta ya gaya wa Sallau magana ɗaya har sau uku: ƙusa ta gama nata aikin, saura ƙafa ta yi nata. Kullum ta taka, na yau ya fi na jiya. In ta yi wata uku a kwance, jijiyoyi za su ƙage, ba mai sake miƙe su. Ya ba shi takarda ya kai wa Majo Gado, babban ma'aikacin likitar Gaya, wanda zai riƙa zuwa gida yana duba inda ta kai.

Ita Inna Yalwa abu ɗaya ke ranta, gindin tsamiyar bakin kogi inda jirgin fito ke sauke mutanen Malanville. Nan ta shekara talatin tana tuyar kifi kafaɗa da kafaɗa da Barira, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta. Washegarin dawowarta Barira ta zo dubiya.

"Na ƙirga miki a hanya," in ji Barira. "Daga bakin ɗakinki zuwa murhunki, taki ɗari shida da goma sha ɗaya. Nawa kike yi yanzu?"

"Goma sha biyu."

"Ashe sai jikokinmu sun yi furfura."

"Ke dai ki tsare mini duwatsuna uku. Kafin kogi ya cika zan zo in ƙwace masu sayena. Na san sun gaji da ƙonannen kifinki."

Barira na fita, Inna Yalwa ta ɗauki sandunanta ta nufi randar da ke gindin mangwaro. Taki tara. Ta sha ruwa a tsaye, ta dawo tana haki, tana murmushi ita kaɗai. Ba ta lura da wasu mata biyu da suka leƙo ta saman darni ba. Kafin la'asar magana ta isa tashar mota. Wani direba ya dubi Sallau cikin jama'a ya ce, "Kai kuwa, kamyo biyu gare ka, amma tsohuwarka da sanda take neman ruwan sha?"

Abu biyu Sallau ke alfahari da su. Na ɗaya, duk Gaya an san ba ya ƙarya. Na biyu, yana son a ce ba wanda ya kai shi riƙon uwa. Ya shigo gida fuska a murtuke.

"Zuwera, a kai wa Inna randa ɗakinta. Ina raye uwata ba za ta riƙa ɗingishi a tsakar gida ana leƙenta ba."

Sallau ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da magana sai ta gaya wa bango, ko ta aiki wani. Shi kuma in ta gaya wa bango, sai ya sunkuyar da kai don ladabi, kamar bai ji ba. Da aka girke randa taki huɗu daga gadonta, ta juya ta dubi bango.

"Bango, likita cewa ya yi in taka."

Sallau ya sunkuyar da kai. "Allah ya ƙara sauƙi, Inna." Ya fita.

Ran Juma'a Majo Gado ya iso kan kekensa. Mutum ne mai jiki, ga ƙauyuka sun yi masa yawa, ga rana. Sallau ya tare shi a zaure da ƙwaryar fura mai sanyi, ya ce Inna na ɗan hutawa, mata kuma na ciki ba su kimtsa ba. Majo ya dubi furar, ya dubi labulen shiga cikin gida, ya zaɓi fura. Ya warware takardar likita.

"Tana tashi zaune da kanta?"

"Tana tashi."

"Tana kaiwa randa ta sha ruwa?"

"Da kanta, Majo. Ko moɗa ba a miƙa mata."

"Madalla." Majo ya ja layi biyu.

Sallau ya leƙa takardar, ko da yake ba ya karanta boko. "Saura me a gaba?"

"Makewayi. Sai murhu, sai ƙofar gida, sai komawa sana'a. In ta cika duka sai in buga hatimi in aika wa likita a Yamai, ya san ta warke."

Sallau ya haddace su kamar karatu. Shi ba zai yarda takardar uwarsa ta je gaban Nasara da gurbi ba, a ce ɗanta ya kasa. Ba zai yarda kuma ta taka ana kallo ba. Ya kwana biyu yana juya abin, sai ya ga ashe babu wuya.

Aka kafa zana a kusurwar ɗakin Inna Yalwa, aka ajiye kasko da buta a bayanta. Taki biyu daga gado. Zuwan Majo na gaba ya tambaya ko tana kaiwa makewayi, Sallau ya ce sau uku ma a yini. Majo ya ja layi, ya ce furar yau ta fi ta rannan.

Inna Yalwa ba ta haƙura ba. In Sallau ya tafi Dosso da kaya, sai ta ɗauki sanduna ta riƙa kewaya ɗaki, daga gado zuwa randa, daga randa zuwa zana, kamar akuya a turke. Zuwera ta kama ta ran nan, ta dafa ƙirji.

"Inna, ki rufa mini asiri! In kika sake faɗuwa mai gida ba ya nan, ni za a ce na ture ki."

"Ba zan faɗi ba. Matso ki riƙe mini hannu mu fita tsakar gida."

"Ni in riƙe surukata tana ɗingishi? Unguwa ta ce na sa ki aiki? A'a, Inna. Ki kwanta in matsa miki ƙafa."

Juma'ar da ta biyo, Sallau ya shiga gaishe ta, ya fito da sandunan a hammatarsa. A ƙofar masallaci ya miƙa su ga wani gurgu, sadaka, don Allah ya ba uwarsa lafiya. Gurgun ya yi ta sa masa albarka da ƙarfi har sahun baya suka ji. Da Inna Yalwa ta nemi sandunanta aka gaya mata inda suka tafi, ta juya wajen Zuwera.

"Je ki gaya wa mai kamyon nan," in ji ta, "ya bi gurgun nan ya karɓo mini ƙafafuna. In sadaka yake so ya ba da kamyo ɗaya."

Zuwera ta je zaure ta durƙusa. "Inna ta ce Allah ya karɓi sadakarka."

"Amin," in ji Sallau. "Na san za ta ji daɗi."

Inna Yalwa ta gwada dogarawa da taɓarya. Aka ce ana daka da ita. Ta gwada dafa bango. Damina ce, bangon ƙasa ya sha ruwa, hannunta ya zame ta faɗa kan gado. Ba abin da ya same ta, amma ihun Zuwera ya tara unguwa. A ranar Sallau ya sa aka fitar da gadon, aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa, ya ce in tana ƙasa ai ba inda za ta faɗa. Gaskiya ya faɗa. Daga gado takan dafa ta miƙe. Daga ƙasa ba ta iyawa. Aka matso da randa har inda hannunta ke kaiwa, aka jawo zana ta kusa taɓa ƙafarta.

Sai murhu. Aka kawo ɗan ƙaramin murhun yumɓu aka ajiye ta wajen kanta.

"Ta kai murhu?" in ji Majo.

"Jiya da hannunta ta dama kunu."

"Kai, tsohuwar nan da ƙarfi take!"

"Jinin masunta ne, Majo. Ƙara furar."

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba. In sun taru, Sallau yakan tuɓe riga ya goya uwarsa ya kai ta gindin mangwaro ta sha iska, ya sake goya ta ya mai da ita. Tsofaffi su riƙa girgiza kai suna cewa wannan shi ne ɗa. Har a tashar mota direban nan ya ba shi hannu ya ce ya janye maganarsa. Ita kuwa tana bayansa tana gaya wa reshen mangwaro, "Ka gani? Da ni ke goya shi don ya ƙi tafiya. Yanzu shi ke goya ni don kar in yi."

Gero ya yi kai. Ƙafar hagu ta rame ta koma kamar muciyar da ta bi akuya da ita. Gwiwa ta lanƙwashe, ta ƙi miƙewa ko an ja. Miki ya fito mata a baya, Zuwera na shafa man kaɗe tana cewa zafi ne. Hayaƙin murhu ya sa mata tari. Da safe takan ɗaga ƙafar da hannu biyu ta ajiye ta gefe, kamar kayan wani da aka ba ta ajiya.

Barira ta gani, ta kasa haɗiyewa. Ta tare Sallau a zaure.

"Kai Sallau, ƙusar da aka buga wa uwarka ta ado ce? Likita bai ce ta taka ba?"

"Inna Barira, Nasaran nan ya baro tasa uwar can ƙasarsu ita kaɗai, shi zai koya mini riƙon uwa?"

"Ba riƙo take so ba. Ka sake ta ta taka."

"Ta rasa ci? Ta rasa sha? Akwai abin da ta nema ban kai mata ba?"

"Shi ne ciwon, ɗan nan. Kai mata kake yi."

"Allah ya huci zuciyarki. Zuwera, zuba wa Inna Barira tuwo ta tafi da shi."

Barira ta karɓi tuwon, don ba shi ya yi mata laifi ba, ta wuce likita. Ta tarar da layi har bakin hanya. Da ta kai gaban Majo ta ce masa Yalwa fa ba ta takawa. Majo ya zaro takarda.

"Tana kaiwa randa?"

"Tana kaiwa, amma..."

"Murhu fa?"

"Ai murhun..."

"Tana kaiwa ko ba ta kaiwa?"

"Tana kaiwa."

"To, kin gani. Kin taɓa jin Sallau ya yi ƙarya? Inna, ga mai zazzaɓi a bayanki."

Ƙofar gida ce ta ɗan ba Sallau wahala, don zaure ba ya ɗaukuwa. Ya yi mako biyu yana tunani. Wata safiya yana kewaya gida ya lura bayan ɗakin uwarsa da lungu yake kallo. Ya kira magini. Kafin azahar an fasa bango, an kafa ƙyaure. Ya ce don masu dubiya su huta da ratsa tsakar gida. Aka ja katifar Inna Yalwa zuwa bakin sabuwar ƙofa.

"Ta kai ƙofar gida?"

"Majo, a bakin ƙofa take wuni."

Daga nan sana'a ba ta yi wuya ba. Aka sayo tarwaɗa da karfasa, aka kawo mata kaskonta da mai da yaji. Ta dubi kaskon, ta so ta ce a ɗauke. Sai man ya yi zafi, ƙamshin ya tashi, hannunta ya tafi da kansa. Tana zaune a karkace, ƙafa ɗaya a naɗe, tana juya kifi, mutanen lungu na saye.

Majo Gado ya ja layin ƙarshe, ya hura wa hatimi iska ya buga. Ya rubuta da Faransanci cewa ta warke sarai, ya aika Yamai. Sallau ya yanka rago aka raba wa unguwa.

Da sanyi ya shigo, kogi ya cika ya batse. Ran nan ana gyaran hanyar kasuwa, Majo ya karkato da kekensa ta lungu. Ƙamshin kifi ya tsai da shi. Ya duba, ya washe baki.

"A'a! Inna Yalwa! Jarumar takardata! Duk cikin waɗanda aka buga wa ƙusa ba wanda ya yi saurinki. Tashi ki raka ni taki biyu in gani da idona."

Ta dube shi daga hula har takalmi. "Kai ne Majon? Wata biyar ina jin ƙarar ludayinka a zaure. Ashe haka kake."

"Tashi mana, Inna."

"Ɗana, in rakiya kake so sai dai ka ɗauke ni ka raka kanka."

Majo ya jingine keke ya leƙa ɗakin. Ga randa. Ga zana da buta. Ga murhu. Ga ƙofa, ga kaskon sana'a. Takardarsa duka ce a zaune, ta kewaye katifa ɗaya, ba abin da ya wuce miƙa hannu.

Barira, da ta kawo mata ɗanyen kifi daga bakin kogi, ta ajiye kwando ta riƙe ƙugu. "Tambaye ta mana, Majo. Tana kaiwa ko ba ta kaiwa?"

Aka kira Sallau daga zaure, Zuwera ta biyo shi. Majo ya ce wa Sallau ya kama hammata ɗaya, shi ya kama ɗaya. Suka ɗaga ta. Ba ta da nauyi. Ƙafar dama ta taɓa ƙasa tana rawa. Ta hagu ta tsaya a sama a lanƙwashe, tsakanin diddige da ƙasa ya kai tafin hannu guda. Majo ya durƙusa ya ja gwiwar a hankali. Inna Yalwa ta cije leɓe. Gwiwa ba ta motsa ba.

"Yaushe rabonta da tsayuwa?"

"Tun kafin masara ta yi goyo," in ji Zuwera, murya ƙasa.

"Ina sandunan?"

"Suna ƙofar masallaci," in ji Barira. "Suna tafiya lafiya lau."

Suka mai da ita kan katifa. Sallau ya share gumi, ya gyara hula.

"Majo, tsakaninka da Allah, akwai inda na yi maka ƙarya?"

Majo ya daɗe yana kallon randar. "Babu," ya ce. "Ko ɗaya babu. Ni ma ƙwarya goma na sha a zaurenka, ban ɗaga labule ba." Ya ce zai rubuta wa likita a Yamai, amma kar kowa ya sa rai. Wata uku aka ce, ga shi an shiga na shida.

"To ai ba abin da ta rasa," in ji Sallau, yana duban mutanen lungu da suka fara taruwa. "Ku shaida ne. Komai ta nema na kawo mata har inda take."

 Inna Yalwa ta sauke kasko daga wuta. Ta tambayi Barira duwatsunta uku.

"Na tsare su har kogi ya cika," in ji Barira. "Shekaranjiya wata matar masunci ta ɗora tukunyarta a kai. Na yi faɗa, aka ce mai wurin ba ta zuwa."

Inna Yalwa ta gyaɗa kai. Kowa ya jira ta juya wajen bango. Ba ta juya ba. Ta ɗaga ido ta sauke su a kan ɗanta.

"Sallau."

Zuwera ta toshe baki. Sallau ya waiwaya baya, kamar akwai wani mai sunan a lungu.

"Kai nake kira. Sallau. Ka kawo mini randa. Ka kawo mini makewayi, ka kawo murhu, ka kawo ƙofa. Saura kogi. Kamyo biyu gare ka. Je ka kawo mini."

Wannan karon bai sami bangon da zai laɓe bayansa ba.  Ya durƙusa a bakin ƙofar da ya fasa, kifi na hucewa a gabansa.

Takarda tana Yamai da hatiminta, ta ce Inna Yalwa ta warke. Ƙusa tana nan daram, ba ta yi tsatsa ba. Abin da ya tafi kuwa ga shi: sanduna biyu, duwatsu uku a gindin tsamiya, ƙafa ɗaya, sunan da ta ɓoye a bakinta shekara arba'in da biyar, da taki ɗari shida da goma sha ɗaya, har da goma sha biyun da ta shigo gidan da su.